Salsalar Gidan Gresham: Littafin Aikin Hutun Damina

27 ga Yuli

Yau aka ba mu hutu, yau kuma na sayo kwali. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ilimin tattalin arziki a sakandare, kowace shekara sai na rubuta wa ɗalibai dokar Gresham a allo: mugun kuɗi yana korar nagari daga kasuwa. Misalin da nake ba su bai wuce na aljihunmu ba, yadda mutum zai miƙa wa mai kayan miya yagaggiyar ɗari biyar ya ɓoye sabuwa. A zangon da ya wuce wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi Gresham ɗin ɗan wane ne?" Na ce Baturen Ingila ne. Ta ce, "To ai shi ma yana da uba." Aji ya tuntsure da dariya, ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai.

Don haka aikin wannan hutu shi ne in zana salsalar gidan, daga kakan kaka zuwa inda zuriya ta tsaya, in liƙa a aji idan an koma.

Abin da nake riƙe da shi zuwa yanzu kaɗan ne. Sir Thomas Gresham attajirin Landan ne da ya rasu a 1579. Shi ne wakilin sarautar Ingila a birnin Antwerp, yana ciyo wa Sarki Edward na Shida bashi, sannan Sarauniya Mary, sannan Elizabeth. Shi ya gina Royal Exchange, dandalin da fatake ke haɗuwa. Dokar ma ba shi ya raɗa mata suna ba, wani masani Henry Dunning Macleod ne ya liƙa masa ita a tsakiyar ƙarni na 19, alhali al-Maƙrizi na Masar da Copernicus duk sun riga shi faɗa.

Kwali huɗu ₦1,600, maka uku ₦1,200, data ₦5,000.

30 ga Yuli

Asalinsu ba 'yan birni ba ne. Sunan na wani ƙauye ne, Gresham, a yankin Norfolk da ke gabashin Ingila, daga nan suka koma garin Holt. Mutum na farko da na sa a saman kwali shi ne James Gresham, wanda ya yi aikin lauya da magatakarda wa gidan Paston, wasu masu ƙasa na Norfolk, a tsakiyar ƙarni na 15, kuma wasiƙunsa suna nan har yau cikin tarin wasiƙun wannan gida. Ɗansa John na Holt ya auri Alice Blyth, suka haifi maza huɗu: William, Thomas, Richard da John. Thomas ya shiga aikin coci. Sauran ukun aka tura su Landan koyon fataucin yadi, suka shiga ƙungiyar Mercers, ta masu cinikin siliki da karan-miski da sauran tufafi masu tsada. Biyu daga cikinsu suka zama magajin garin Landan, Richard a 1537, John a 1547. Richard shi ne mahaifin mutumin namu.

Tambarin gidan fara ce. E, farar da muke soyawa da yaji. Akwai tatsuniyar da ake yawo da ita cewa wai kakansu jariri ne da aka yar a cikin ciyawa, kukan fara ya jawo wata mata ta tsince shi, wasu ma kan Thomas kansa suke ɗora labarin. Ba shi da tushe. Farar tana kan hatimin da James ke buga wa wasiƙunsa tun kafin a haifi Thomas da shekaru da yawa, kuma farkon sunan ya yi kama da tsohuwar kalmarsu ta ciyawa, wasa da suna ne kawai. Na zana ta a kusurwar kwali, uwargida ta ce ta fi kama da kyankyaso.

2 ga Agusta

Babu wuta tun jiya, waya ta mutu. Na ja layuka da rula kawai.

4 ga Agusta

Na tafka kuskure, kuma da maka na tafka shi, ba da fensir ba.

Kwana biyu ina tattara abin da ya shafi "Sir John Gresham" a akwati ɗaya. Na rubuta cewa ya zama magajin gari a 1547, ya kafa makaranta a Holt a 1555, ya bar 'ya ɗaya tilo mai suna Elizabeth. Da na zo rubuta rasuwarsa sai na ga ya rasu a watan Oktoba 1556, ya kuma sake rasuwa a 1560. A wani wurin kuma an ce matarsa Mary Ipswell ta haifa masa 'ya'ya fiye da goma. Ina 'ya tilo, ina fiye da goma?

Ashe mutum biyu na cusa a riga ɗaya. Akwai Sir John ƙanin Richard, wato baffan Thomas, shi ne magajin gari mai makaranta mai 'ya'ya rututu. Akwai kuma Sir John ɗan farin Richard, yayan Thomas, shi ne mai 'ya tilo wanda ya rasu a 1560. Ga kuma kakansu John na Holt a sama. Mu idan aka yi wa yaro takwara da kakansa sai a saka masa laƙabi, Abba ko Baba ko Khalifa, kowa ya huta. Su ko suna da irin wannan a cikin gida, bai shiga takarda ba. Na raɗa musu nawa: John na Holt, John Baffa, John Yaya. Na ga alamar matan ma za su ba ni wannan wahalar, don tuni na ƙirga Anne huɗu.

Kwali ɗaya ya tafi. Daga yau fensir.

Wani abu da ya burge ni game da John Baffa: gidan gadonsu na Holt ya mayar makaranta, kuma duk da shi ɗan kasuwar yadi ne, ƙungiyar masu sayar da kifi ta Landan ya damƙa wa amanarta. Makarantar tana aiki har yanzu. A hannunsa kuma Thomas ya yi zaman yaron shago, duk da ubansa attajiri ne kuma shi Thomas ɗin ya taɓa karatu a Cambridge, kafin a karɓe shi cikin Mercers a 1543.

7 ga Agusta

Shekarar haihuwar Thomas. Kusan kowa 1519 yake rubutawa. Ba za a same ta a rajistar coci ba, domin sai a 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Akwai wani zanensa a zauren Mercers mai ɗauke da shekarar 1544 da shekarunsa 26, wanda ke jan lissafi zuwa 1518. Na rubuta "wajen 1518–1519". Mahaifiyarsa Audrey Lynne ta rasu a 1522, yana ɗan ƙarami.

9 ga Agusta

Yini guda cur na ɓata a kan rasuwar Sir Richard. Wani wuri 21 ga Fabrairu 1548, wani wuri 21 ga Fabrairu 1549. Saboda ciwon da John biyu suka ji mini, sai na fara zargin ko Richard ma biyu ne. Na duba ranar da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci dandalin fatake ta raɗa masa suna Royal Exchange, ita ma haka: 23 ga Janairu 1570 a nan, 1571 a can. Nan jikina ya ba ni matsalar ba ta mutanen ba ce, ta kalanda ce.

A Ingila ta wancan zamani shekara ba ta canja lamba sai ranar 25 ga Maris. Duk abin da ya faru daga 1 ga Janairu zuwa 24 ga Maris, a shekarar baya magatakarda ke rubuta shi. Sai a 1752 suka daina, shekarar da suka koma sabuwar kalanda suka tsallake kwana goma sha ɗaya a Satumba. Ke nan duka biyun daidai ne: 1548 a lissafinsu, 1549 a namu. Wanda ya saba juya Hijira zuwa Miladiyya bai kamata wannan ya kayar da shi ba, amma ya kayar da ni. Yanzu duk ranar da ta faɗo cikin waɗannan watanni ina rubuta ta da lamba biyu, 1548/9.

12 ga Agusta

Wasiyyoyin manyan attajirai na lokacin a kotun Canterbury ake tabbatar da su, kwafinsu kuma yana ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew, ana iya sauke hotonsu ta intanet. Kuɗin bai kai fam biyar ba, amma katina ya ƙi biya har sau uku. Na je banki na yi layin awa biyu, aka ce in dawo jibi. Na kira ɗan yayata da ke karatu a Landan, cikin minti goma ya turo mini wasiyyar Thomas. Na ce nawa zan biya, ya ce, "Haba Kawu, sai dai kilishi in na dawo."

Buga shafukan ₦1,500. Karanta su kuwa wani aikin ne daban. Rubutun magatakardan ƙarni na 16 kamar ajamin tsohon malami ne da babu wasali: harafin e a juye yake, c ya yi kama da r, h ya zurma ƙasan layi, ga gajarce kalmomi, ga kalma ɗaya a rubuta ta iri uku a shafi ɗaya. Daga La'asar zuwa Isha layi tara na iya fitarwa. Na koma ina gwada shi da bugaggen kwafi, layi da layi, don ido ya saba.

13–15 ga Agusta

Karatun wasiyya. Ido ya fara sabawa. An yi biki a dangi, kwana ɗaya ya tafi.

16 ga Agusta

Uwargida ta kawo mini shayi ta tsaya tana kallon kwalin. Can ta ce, "Malam, su waɗannan mutane ba mata suka haife su ba? Na ga ka matse sunayensu a gefe kamar kuɗin cefane." Na ce salsala ai ta maza ce, wane ɗan wane. Ta ce, "To bi ta mazan mu ga inda za ta kai ka."

Na bi, kuma ba ta kai ni ko'ina ba. John Yaya 'ya mace ya bari. Thomas ɗa ɗaya ya haifa da matarsa, Richard, ya rasu a 1564 yana saurayi bai yi aure ba. Ke nan reshen Sir Richard, wanda ya fi kowane kuɗi da suna, mutumin da ya sayi katafaren gidan ibada na Fountains a Yorkshire a 1540 bayan Sarki Henry na Takwas ya rushe irin waɗannan gidaje, ya ƙare ta wajen maza a kan jikansa. Zanen da na yi bishiya ce da aka sare wa kai. To dukiyar ina ta bi?

Amsar tana wajen matan da na matse. A al'adar birnin Landan, idan cikakken ɗan birni ya rasu ya bar mata da 'ya'ya, dukiyarsa da ba ƙasa ba kashi uku ake yi: sulusi na matar, sulusi na 'ya'ya, sulusi na wasiyya. Sulusin wasiyya bai zame mini baƙo ba. Na matar ne ya sa na ajiye fensir, mu da muka san tumuni. Sannan a dokarsu, da zarar mace ta yi aure, kayanta sun shiga hannun miji. Ke nan bazawarar attajiri jari ce sukutum, kuma samarin fatake sun san haka sarai. Thomas ya auri Anne Ferneley a 1544, a shekarar da mijinta William Read, shi ma ɗan Mercers, ya rasu. Ta shigo da dukiya, ta shigo da agololi maza biyu.

Yadda jari ya shigo ta hannunta, haka ya fita. Wasiyyar da Thomas ya yi a 1575 ta bar mata moriyar Royal Exchange da gidansa na Bishopsgate iya rayuwarta, bayan ta kuma su koma hannun hukumar birni da ƙungiyar Mercers, a riƙa biyan malamai bakwai fam 50 kowanne a shekara su karantar da jama'a kyauta: ilimin addini, taurari, kiɗa, lissafin siffofi, shari'a, likitanci da balaga. Matar ba ta so wannan tsari ba, ta yi ta neman a sauya shi, ta kuma yi shekara goma sha bakwai bayansa. Sai da ta rasu a 1596 aka buɗe Kwalejin Gresham a 1597. Gidan Osterley da filaye masu yawa kuwa ɗanta William Read ya gaje su. Agola ya ci gida.

Sai na gyara tsarin zanen gaba ɗaya.

19 ga Agusta

Ruwa ya yanke mini shawara. An kwana ana tafka shi, kwanon ɗakin karatu ya yi yoyo daidai kan tebur. Da asuba na tarar kwalin ya jiƙe sharkaf, makar ta narke, John uku sun koma tabo ɗaya shuɗi, farar ta zama kwaɗo. Bugaggun shafukan wasiyya huɗu sun manne da juna. Na shanya su a kan tabarma, biyu sun tsira. Allah Ya taimake ni bayanan suna cikin littafin nan, shi kuma a jaka ya kwana.

Mai gyaran kwano ₦4,000 da ƙusa. Sabon kwali uku ₦1,200, jar maka ₦400, sake buga shafuka ₦300. Uwargida ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

22 ga Agusta

Sabon zane, kwali biyu a haɗe ta faɗi. Maza da baƙi, mata da ja, kowace mace da akwatinta da layin da ke bin 'ya'yanta. Jan layi uku ne suka fita daga gidan Sir Richard, kowanne kuma ya faɗa gidan sarauta.

Na farko Christian, 'yar Sir Richard, 'yar'uwar Thomas. Ta auri Sir John Thynne, wakilin gidan Edward Seymour mai riƙon sarauta a zamanin ƙuruciyar Edward na Shida. Thynne shi ya gina Longleat, zuriyarsu ce ke riƙe da sarautar Marquess na Bath, kuma a filin gidan ne aka buɗe gandun zakuna na masu yawon buɗe ido a 1966.

Na biyu Elizabeth, 'yar John Yaya. Ta auri Sir Henry Neville. Ta riga baffanta Thomas rasuwa, ɗanta Henry Neville, wanda ya yi jakadan Ingila a Faransa, shi ya sami gidan Mayfield a Sussex.

Na uku shi ya fi ɗaukar mini lokaci. Thomas yana da 'ya da ya haifa ba ta hanyar aure ba, abin da za mu ce 'yar gaba da Fatiha, sunanta Anne, sunan matarsa. Bai ɓoye ta ba, ya aurar da ita da dukiya a 1569 ga Nathaniel Bacon na Stiffkey a Norfolk. Wane ne Nathaniel? Ɗan Sir Nicholas Bacon mai riƙe da babban hatimin Sarauniya, mahaifiyarsa kuma Jane Ferneley, 'yar'uwar matar Thomas. Wato ita matar Thomas, 'yar da mijinta ya haifa a waje aka haɗa da ɗan 'yar'uwarta. Tuwona maina, amma da ɗaci. Francis Bacon da ake ji ƙanin Nathaniel ne, uba ɗaya uwa daban, tasa uwar ita ma Anne ce, Anne Cooke.

Anne da Nathaniel sun bar 'ya'ya mata uku. Babbar, Anne ta huɗu a lissafina, ta auri Sir John Townshend na Raynham. Daga nan layin ya miƙe har zuwa Charles Townshend, ministan kuɗin da ya ɗora wa mazauna Amurka harajin 1767 wanda ya rura wutar tawayensu. Jinin Thomas Gresham kansa ta 'yarsa Anne kaɗai ya wuce, ita da a zanena na farko ko akwati ban ba ta ba.

26 ga Agusta

Ɗan yayata ya sami sarari ya je cocin St Helen's da ke Bishopsgate, ya kira ni ta bidiyo. Kabarin dutse ne mai tsayi kamar tebur, da baƙin marmara a sama, rubutun ɗan kaɗan: suna, muƙami, da ranar binnewa, 15 ga Disamba 1579. Ya rasu 21 ga Nuwamba, ke nan kwana ashirin da huɗu gawa tana jiran a gama shirin jana'izar ƙasaita. Yaron ya ce, "Kawu, kusan wata guda fa!" Na ce kowa da al'adarsa.

Cocin ta tsira daga babbar gobarar 1666. Ta St Lawrence Jewry, inda aka binne Sir Richard, ta ƙone a gobarar, haka ma ginin Royal Exchange na farko. Na biyu ya ƙone a 1838, wanda ke tsaye yanzu a 1844 aka buɗe shi. Ya taka zuwa can ya ɗaga waya sama, na hango farar zinariya a kan hasumiya tana nuna inda iska ta dosa. Ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba.

Na ƙara ƙaramin rubutu a ƙarƙashin Sir Richard: shi ya fara kai wa Cromwell shawarar a gina wa fatake dandali irin na Antwerp, abin bai yiwu ba, sai ɗansa ya aza tubalin farko a 1566.

Data ₦3,000, bidiyon ya cinye.

29 ga Agusta

Na leƙa salsalolin da mutane ke ɗorawa a intanet. Da yawa masu sunan Gresham, musamman a Amurka, sun ja layinsu kai tsaye zuwa Sir Thomas, wasu ta hanyar ɗansa Richard da ya mutu ba aure, wasu sun ƙirƙiro masa ɗa na biyu. Wani ya kwafa daga wani, har ƙarya ta yi jikoki. Ba sabon abu ba ne: tun daga 1530 zuwa 1688 jami'an tambari ke zagaya yankunan Ingila suna rubuta asalin manyan gidaje, kuma abin da maigida ya faɗa game da kakanninsa na nesa ba kullum ake tonawa ba. Mu ma nan ba a rasa gidan da ya jingina kansa da wani babban malami ko sarki da hujjar "haka muka ji". Ban ɗauki komai daga can ba.

2 ga Satumba

Reshen John Baffa, inda sunan ya daɗe. Ya sayi Titsey a yankin Surrey a 1534, zuriyarsa suka bar kanti suka zama masu ƙasa. A 1660 aka ba Marmaduke Gresham sarautar baronet, ta yi ta gado har 1801 da na ƙarshe ya rasu ba ɗa namiji. 'Yarsa Katherine Maria ta auri William Leveson-Gower, Titsey ya bi ta. Jar maka ta sake aiki. Ta kusa ƙarewa, baƙar kuwa ko rabi ba ta yi ba.

5 ga Satumba

Bi da maka a kan fensir. Na duba kowace shekara sau biyu.

8 ga Satumba

Jibi za a koma makaranta. Abin da ke kan kwali: James zuwa 'ya'yan John na Holt huɗu, reshen Richard cikakke da jan layinsa uku da akwatin agola a gefe da ɗigo-ɗigo, reshen John Baffa ta layin Titsey kawai. Sauran 'ya'yansa da reshen William babban wansu sai hutun Disamba, kuma sai na samo wasiyyar Sir Richard da ta John Baffa, wato wani kilishin ke nan.

Jimillar kuɗi ₦18,200 har da gyaran kwano. Gobe zan kai a rufe shi da leda, an ce ₦2,500, saboda tagar ajinmu ma ba ta da gilashi. A kusurwar ƙasa na bar fili na rubuta tambayar yarinyar nan, da amsarta a ƙarƙashi: ɗan Richard ne da Audrey.